Tarkon Mafarki: Saƙar Gizo A Hannun Iya

Farantin takarda ne ya jawo maganar. Wata ranar Alhamis cikin watan Nuwamba, watan da makarantun Amurka ke ware wa tarihin 'yan asalin ƙasar, 'yata ta dawo gida riƙe da shi kamar wadda ta ciyo kofi. Irin farantin nan ne da ake zuba shinkafa a wajen biki, an ƙwaƙule tsakiyarsa, an huhhuda bakin, an zazzura ulu kala-kala babu kan gado, ga gashin kaza rinanne, kore da ruwan hoda, yana reto a ƙasa. Sunan mahaifiyata yarinyar ta ci, shi ya sa Mamana nake ce mata.

Na ce, "Mamana, wannan kuma fa?"

Ta ce, "Umma, tarkon mafarki ne. In aka rataye shi a kan gado, mugun mafarki sai ya maƙale a zaren, mai kyau ya wuce ta ramin."

Na san abin a ido. Duk wanda ya ɗan zauna a ƙasar nan ya san shi, yana lilo a madubin gaban mota, yana jere a shagunan gidan mai, yana jikin riga da 'yan kunne, wasu har a fatar jikinsu suke zana shi. Turawa dreamcatcher suke ce masa. Ban taɓa tsayawa tambayar asalinsa ba, na ɗauka kayan ƙyale-ƙyale ne kamar sauran.

Washegari a matakalar bene muka ci karo da maƙwabciyarmu, yarinyar na riƙe da farantinta za ta kai wa ƙawarta ta gani. Dattijuwa ce da ta haura saba'in, gashinta fari fat, kullum a kitse jela ɗaya har gadon baya. Tun zuwanmu Miniyapolis ta ce in riƙa kiran ta da sunanta kamar yadda kowa ke yi a nan, bakina ya kasa. Sai na sa mata Iya, yarinyar kuma ta ce Kaka, ita ma ta karɓa da murna, ta ce da harshensu nookomis ake cewa. Ta amshi farantin, ta juya shi gaba da baya, ta yaba wa yarinyar zaɓen launi. Sai da ta ɗago muka haɗa ido na ga dariyar da take dannewa. Ta ce mini, "Ku bari sai sanyi ya kusa ƙarewa, zan nuna muku irin wanda kakata ke yi."

Iya 'yar Ojibwe ce, mutanen da ke kiran kansu Anishinaabe. Ƙasarsu ta kewaye manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, daga Mishigan da Wiskonsin da Minesota har Ontariyo da Manitoba. A Minesota kaɗai suna da yankuna 7 da gwamnati ta amince nasu ne, maƙwabtansu Dakota kuma suna da 4. Ita a White Earth, ɗaya daga yankunan nasu, aka haife ta, can arewa maso yammacin jihar. Mu da muka tashi da kallon fina-finan kaboyi, "Indiyawan daji" muke ce wa mutanen nan gaba ɗaya. Daga ranar da na ga Iya da tabarau tana cike takardun haraji a teburinta, kunyar kalmar ta kama ni, ban sake furta ta ba.

Alkawarin nata ya bar ni da wasi-wasi. Abin da za a rataye da sunan tsare yaro daga sharri, mu sunansa laya, kuma na san abin da malamanmu ke faɗa a kai. Mun riga mun koya wa yarinyar abin da za ta yi in za ta kwanta, Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, in kuma ta yi mugun mafarki ta yi tofi sau uku ta hagu, ta nemi tsari, ta juya kwanciya. Na kawo wa baban yara maganar bayan cin abincin dare. Ya ce, "In dai sana'ar hannu za ki koya, je ki koya, ai ilimi ne. Amma a kan gadonta da sunan kariya, a'a." Abin da ke raina ke nan, sai dai ina jin nauyin faɗa wa tsohuwar da ta yi mini tayin alheri. Na yi ta kwana-kwana, daga ƙarshe na faɗa mata yadda yake. Ko a jikinta. Ta ce ita saƙa za ta koya mini, addini kowa da nasa, ƙanwarta ma 'yar coci ce ta ƙin ƙarawa kuma duk jikokinta ita ta saƙa musu. Sharaɗi ɗaya ta gindaya, kada in yi in kai kasuwa in ce aikin Ojibwe ne. Ta ce tun 1990 akwai dokar tarayya da ta hana sayar da kaya da sunan aikin 'yan asalin ƙasa alhali ba su suka yi ba, laifin farko ma yana iya kai mutum tarar dala 250,000 ko shekara 5 a gidan yari. Na ce, "Iya, wa zai sayi nawa ma?" Ta ce, "Ba ki ga waɗanda ake sayarwa a gidan mai ba?"

Farkon watan Maris ta ƙwanƙwasa ƙofa da sassafe, ta ce mu sa takalman ƙanƙara. Jikanta ya ɗauke mu a mota zuwa gidan ɗanta da ke bayan gari, domin a wuraren shaƙatawa na gwamnati ba a yarda mutum ya yanki ko tsinke ba. Bayan gidan akwai wani kwari mai riƙe ruwa, a daskare, bakinsa cike da wasu tsumangu jajaye wur, ba ganye ko ɗaya. A cikin farin nan da ya rufe ko'ina sai ka rantse wani ne ya bi su da fenti. Da harshensu miskwaabiimizh sunan itacen. Da sanyi jansa ya fi fitowa, kuma gindin damshi yake so.

Kafin ta sa wuƙa, Iya ta ciro taba daga wata 'yar jaka, asemaa suke ce mata, ta zuba a gindin itacen tana magana ƙasa-ƙasa da harshensu. A al'adarsu ba a ɗaukar abu daga ƙasa hannu rabbana. Na ja baya na ba ta wuri. Da aka miƙo mini wuƙar na yi bisimillah na yanka. Ba ta tambaye ni me na ce ba, ni ma ban tambaye ta ba.

Ta nuna mini irin wadda ake nema, tsumangiyar bana, miƙaƙƙiya, marar rassa, kaurinta bai kai fensir ba, tsawonta kamar kamu biyu. Kuma ba a tsaya wa gindi ɗaya a aske shi, ɗaya nan ɗaya can. Ni idona a kan masu kauri yake, gani nake su za su yi ƙwari. Ta bar ni na yanki biyu irin waɗanda nake so, ta ƙara mini huɗu irin nata, ba ta ce komai ba. Yatsuna kuwa sun daskare har ba na jin wuƙar a hannuna.

Da yamma muka zauna a teburin kicin ɗinta. Abin da ta fara ɗaukowa daga ɗaki ba zare ba ne, wani allon katako ne mai tsawon jariri, da wani lanƙwasasshen itace da ya yi baka a saitin kai. Dikinaagan ke nan, abin goyonsu. Ana naɗe jariri a jikinsa, uwa ta goya shi ko ta jingine shi jikin bishiya tana aiki, in ma allon ya kife bakan nan zai tare fuskar yaro. Ta ce a jikin wannan bakan ake rataye tarkon, saitin idon jariri. Sai ta buɗe tafin hannunta ta nuna mini nasu na gida. Ɗan mitsitsi ne, bai cika tafin hannun ba, itacen ya yi baƙi don tsufa, ba ƙyalli, ba jela, ba komai. Na tuna waɗanda ke shaguna masu faɗin murfin tukunyar biki, da ƙarfe da lesi da gashi tuli kamar an fige kaji uku.

Daga baya na nemo littafin da ta ambata mini a laburare. Wata mata ce mai suna Frances Densmore, haifaffiyar Red Wing a nan Minesota, ta yi shekaru tana yawo cikin Ojibwe tana naɗar waƙoƙinsu da rubuta al'adunsu, aka buga littafin a 1929. Abin da ta bayyana shi ne na gani a hannun Iya, ɗan zobe na itace mai faɗin inci uku da rabi, wajen santimita 9, da saƙa irin ta gizo-gizo a ciki, galibi da jan zare. A da kuma da ɓawon wata ciyawa mai ƙaiƙayi suke tufka zaren, kamar yadda muke yi da rama. Abin da ya ɗaure mini kai, a bayaninta duk wani sharri da ke yawo a iska ne abin ke tarewa, yadda yanar gizo ke riƙe duk abin da ya faɗa mata. Mafarkin da ya zama sunan abin a duniya yanzu ba shi ne kan gaba a can ba. Bazuwarsa zuwa sauran ƙabilu kuwa sai a shekarun 1960 da 1970, lokacin da 'yan asalin ƙasar suka tashi neman haƙƙinsu da murya ɗaya. Babbar ƙungiyarsu ta wancan zamani, AIM, a nan Miniyapolis aka kafa ta a 1968, kuma har yau titin Franklin ne cibiyarsu a garin. Daga hannunsu 'yan kasuwa suka wafce.

To, lanƙwasa. Na ɗauki mai kaurin nan tawa, na kama baki da baki na haɗa da ƙarfin tuwo. Ƙas! Ta karye biyu, ɓawon kawai ya riƙe ta. Na ɗauki ta biyu, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Mamana ta kwashe da dariya har da buga tebur. Na ce wa Iya ai mu muna da karin magana, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ga shi kuwa ɗanye ne shataf ya ƙi. Na fassara mata, ta ji daɗin maganar, ta ce to a ƙara da cewa ko ɗanyen ma sai an lallashe shi. Ta ɗauki siririya, ta ɗora manyan yatsunta biyu a ciki, ta riƙa bin ta tana ɗan dannawa kaɗan-kaɗan, daga gindi har tsini, ta dawo, ta sake komawa. Wajen sau huɗu ta bi ta. Kafin ta gama tsumangiyar ta riga ta yi baka da kanta. Sannan ta zagaya ta a jikin gwangwanin kofi, inda bakin biyu suka haɗu ta murɗa siririn a jikin mai kaurin kamar wake ya hau kara, ta ɗaure mahaɗar da zare. Na yi yadda ta yi. Tawa ta uku ta ɗan tsage a wuri ɗaya amma ta riƙe, ta huɗu ta fito lafiya. Ta ce wanda itacensa ya kwana biyu ya bushe sai ya jiƙa shi a ruwan ɗumi tukuna, namu da yake yankan ranar ne bai buƙata ba.

A jikin gwangwanin muka bar su kwana biyar su sha iska. Kullum sai Mamana ta leƙa gidan Kaka ta dawo mini da rahoto. Jan ya ɗan dushe, ya koma kalar jan goro da ya kwana, zoben kuma ya tsaya da kansa. Nawa faɗinsa bai kai taƙi ba, kuma ba za a ce masa da'ira ba sai da kara, ya fi kama da ƙwan agwagwa.

Ranar saƙa bayan magariba muka hallara. Zaren da ake amfani da shi yanzu na roba ne mai kaki a jiki, an yi shi ya kwaikwayi jijiyar dabba, wadda dukawanmu suka sani da agara. Falle ne mai ɗan faɗi, ana tsaga shi da farce ya rabu sili-sili. Iya ta tsaga ta ba ni sili ɗaya, tsawon gaba biyu. Na ce ai ya yi yawa. Ta ce gara ya yi saura, domin ƙari a tsakiyar saƙa kulli ne, kulli kuma ba ya ɓuya.

Ga yadda abin yake. A mahaɗar itacen ake fara ɗaurewa, nan ne sama. Sai a matsa gaba kamar faɗin yatsu biyu, a ɗora zaren bisa itacen, a zagayo da shi ta baya, a fito da shi ta ƙofar da ta samu tsakanin zare da itace, a ja. Zarge ɗaya ke nan. Ba kulli ba ne, jan da aka yi masa da kakin jikinsa ne kawai ke riƙe shi, don haka babban yatsa na hagu ba ya barin kansa sai an yi na gaba. Haka za a bi zoben har a zagayo. Iya takwas take yi, adadin ƙafafun gizo-gizo. Ta ce wasu bakwai suke yi, wasu goma sha uku don watannin shekara a lissafinsu, kowa da abin da ya taras a gidansu, ita ba ta musu da kowa. Zarge na ƙarshe ba a kai shi jikin na farko, ana barin rabin tazara, wannan ɗan gibin ne ke ba saƙar hanyar gangarawa ciki.

Zagaye na biyu shi ne inda abin ke fara daɗi. Itace ya gama aikinsa, yanzu zare ake kamawa. Tsakanin kowane zarge biyu akwai zare a miƙe, sai a yi sabon zarge a daidai tsakiyarsa a ɗan jawo shi ciki. Nan take miƙaƙƙen layin ya karye ya zama kusurwa. Kana gama zagayen sai ka ga fure ya fito. Na uku kuma a tsakiyar zaren na biyu, haka haka, ramukan na ƙanƙancewa, saƙar na murɗawa ciki kamar katantanwa. Dabarar ke nan duka, zarge iri ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe. Wanda ya taɓa ganin masunta na gyaran koma zai gane hannun.

Sai dai ni hannuna hannun kitso ne. Tun ina 'yar shekara goma nake kama kan ƙannena, kuma abin da aka koya mini shi ne kitson da bai ja ba ba ya kwana. Ban ma san ina yi ba. Duk zargen da na yi sai na ƙara masa ɗan ja, in ji zaren ya yi tsam. Har zagaye na uku ina yaba kaina, saƙata ta fi ta Iya tsantseni, in ka taɓa ta har ƙara take kamar tsirkiyar goge. A na huɗu na ajiye a tebur don in gyara zama, sai na ga abin ya ƙi kwanciya. Gefe biyu sun ɗaga, biyu sun nutse, ya murɗe kamar faifan da yaro ya zauna a kai. Iya ta daɗe da gani. Ta ce tana jira ne in gani da idona, domin in ta faɗa mini zan sassauta na minti biyu in koma. Ta ce ƙarfe ne ke jure irin wannan ja, shi ya sa masu yi don kasuwa suka koma zoben ƙarfe suna naɗe shi da fata, ko yaya aka ja ba ya motsi. Itace kuwa duk jan da aka yi wa zare a jikinsa yake taruwa.

Warwara ta fi saƙa cin rai. Kakin da ke taimako wajen riƙo shi ne ya zama abokin gaba, kowane zarge sai na sa tsinin allura na ɓanɓare shi. Rabin awa na yi ina wannan, ina ƙunƙuni da Hausa. Mamana ta ce, "Umma, Kaka ta ce me kike cewa?" Na ce ki ce mata addu'a nake.

Cikin wannan warwara ne aka shiga tatsuniya. Iya ta leƙa taga ta ce tun da akwai ƙanƙara a ƙasa ya halatta, don su tsofaffin labaransu ba a ba da su sai da hunturu. Na ce ikon Allah, mu kuma ba a yi da rana. Ta ba mu labarin wata Gizo mace da ke kula da 'ya'yan Ojibwe, kowace safiya tana saƙa yanarta ta kamo musu hasken rana. Da jama'a suka yawaita suka watsu kusurwa huɗu, ta kasa kai wa ga kowane jariri, sai iyaye mata da kakanni suka karɓi aikin suna saƙawa a madadinta. Mugun abu ya maƙale cikin dare, hantsi na dukansa ya narke kamar raɓa. Mamana ta ce ita ma tana da Gizo. Ta gyara zama ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," ta koya wa tsohuwar ta amsa da "Ta zo mu ji ta," ta kawo na Gizo da Ƙoƙi, rabi da Hausa rabi da Turanci. Iya ta yi dariya har da share hawaye. Ta ce wannan ai Iktomi ne, gizon ƙabilun Lakota da Dakota, mayaudari mai wayon tsiya wanda dabararsa kan koma kansa. Ta ƙara da cewa a wajen Lakota ma tarkon a juye yake aiki, alheri yanar ke riƙewa, sharri ya zurare ta ramin. Na ce ashe ko masu abin ba su daidaita a kan wanne ke wucewa ba. Ta ce shi ya sa take dariya in ta ga takardar bayani a jikin na shago.

Ba duka hirar ce ta dariya ba. Na tambaye ta ko a hannun mahaifiyarta ta koya, ta ce a'a, kakarta. Mahaifiyar tana ƙarama aka ɗauke ta aka kai makarantar kwana irin waɗanda aka kafa don raba yaran 'yan asalin ƙasa da harshensu, aka yanke mata gashi, ta dawo ba ta son ko jin maganar kayan gargajiya. Ta ce sai a 1978 majalisar Amurka ta yi dokar da ta amince musu su yi addininsu na gado a fili, lokacin ita har ta haihu. Ta faɗi wannan ba tare da ta ɗago daga saƙarta ba. Na rasa abin cewa, na ci gaba da ɓanɓarar zarena.

A karo na biyu na saki hannu. Ma'aunin da ta ba ni shi ne in ja har zaren ya miƙe, daga nan in tsaya, kada in nemi jin tsam ɗin nan. Da farko gani nake saƙar ta yi sako-sako, kamar za ta zube. Ashe kowane zagaye yana ɗaure wanda ya gabace shi, kafin in kai na huɗu duk ta ɗame da kanta, zoben kuma yana kwance lafiya. A na biyar na tsallake rami ɗaya ban lura ba, sai da na zagayo na ga wani wawakeken gibi a gefen hagu. Na kai hannu ga allura, Iya ta riƙe mini hannu. Ta ce in je in duba yanar gizo ta gaske in gani ko akwai wadda ba ta da irinsa. Ina zargin dai ta gaji ne, dare ya yi. Na bar shi. Daga nan yatsa ya daina shiga ramukan, na zura zaren a allura na ƙarasa da ita.

Kafin zagaye na ƙarshe aka zura dutsen ado guda ɗaya, shi ne gizon a cikin yanarsa. Mamana ta zaɓi shuɗi daga gwangwanin Kaka. Aka bar rami a tsakiya wanda ɗan ƙaramin yatsana ke shiga, na yi kulli biyu, na yanke, na danne bakin zaren da farce ya manne.

Saura gashi. Yarinyar ta ruga gida ta dawo da wani shuɗin gashin tsuntsu mai ratsin baƙi da ta tsinta a tsakar gida tun bazara, ta ɓoye cikin littafi. Iya ta ce kyakkyawa ne, amma a mayar da shi waje. Dokar 1918 da ke kare tsuntsayen ƙasar ta hana ajiye gashin yawancinsu, ko da a ƙasa aka tsinta, domin jami'i ba shi da hanyar bambance wanda ya tsinta da wanda ya harbe. Na mikiya kuwa ya fi tsanani, yana da tasa dokar tun 1940. Su kansu 'yan ƙabilun da ke buƙatarsa don ibada, takarda suke cikewa a aiko musu daga wata ma'ajiyar gwamnati da ke jihar Kolorado, inda ake tara mikiyoyin da suka mutu, kuma akan daɗe ana jira. Gashin kaza da na talotalon gida da makamantansu babu laifi. Ta jawo wata leda da ta saya a shagon kayan sana'a ta zazzage a tebur. Ina dubawa na ga baƙi mai ɗigo-ɗigon fari. Na ce, "Iya, wannan ai zabo ne! Ɗan garinmu ne." Ba ta san daga Afirka tsuntsun ya fito ba. Shi muka ɗauka, ƙwaya ɗaya, na naɗe gindinsa da ragowar zaren na ɗaure shi a ƙasan zoben.

A tagar kicin na rataye shi, saitin wurin wanke-wanke, inda hantsi ke shigowa. Baban yara ya dube shi ya ce ya yi kyau, sai dai kamar ya ɗan karkace. Na ce haka ake yin sa. Na ɗauki hoto na tura wa yayata a WhatsApp, ta amso da cewa ashe Amurka matankaɗi na je koyo, kuma wannan ko tsaki ba zai tare ba.

Shekara bai cika ba. Ƙarƙashin tagar nan na'urar ɗumama ɗaki take, da sanyi ya dawo aka kunna ta, itacen ya bushe ƙayau. Wata safiya cikin Janairu na tarar ya tsage daidai gefen gibin da na bari, saƙar ta saki ta yi tumbi. Mamana ta ɗauko gam da salatif. Na ce mu fara kai wa Kaka. Ta juya shi a hannu ta ce ai ya yi ƙoƙari, na itace dama ba a yin sa don ya dawwama, na jarirai ne, yaro na girma shi yana lalacewa. Ita in nata ya kai haka, gindin itacen da ta yanko take mayar da shi. Amma ta ce a cire zaren tukuna, tun da na roba ne ƙasa ba ta cin sa.

Mamana ce ta zauna da almakashi ta tsinke shi zarge bayan zarge. Ta ware shuɗin dutsen da gashin zabon ta sa a gwangwanin alawa, ta rubuta "Maris" a jikin murfin. Ta ce wannan karon ita za ta riƙe wuƙar.